Wa Zai Hana Shi?

"Ranka ya daɗe, wa ke hukunta mai koyar da motsa jiki idan ya nakasa mutum?"

Biro na uku ke nan, wato ofishin hukuma, da Muhyiddeen ya shiga a Gaya. Ya bayyana wa jami'in wurin yadda aka ɗora wa Alhaji Yacuba ƙarfen da ya fi ƙarfinsa, har ƙashin bayansa ya goce. Wata biyu bai taka ba.

"Likita na da takardar da za a ƙwace, direba ma haka," in ji jami'in. "Wannan ba mu ba shi komai ba, me za mu karɓe? Wane ne?"

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai.

"Ni ne. Alhaji ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Gobe mutum shida na jirana, kuma ba ni da wata sana'a."