Akwati Na Uku a Gonar Mainika

Ka taɓa zuba wa allon kwamfuta ido kwana huɗu, kana jiran lamba ɗaya tak ta fito? Halin da Zinnira take ciki ke nan a ɗakinta na Gwarzo, wata shida da gama jami'a.

Ƙungiyar manoman rani ta ba ta wa'adi zuwa Alhamis. Zinnira ta yi musu alkawarin ƙananan akwatuna da za a kafa a gonaki, su auna danshin ƙasa, su turo saƙo gari ba tare da layin waya ba. Komai na akwatin zare-ka-sa ne: batir daban, farantin sola daban, guntun rediyo daban. Rediyon ne ya hana ta sakat. Iri uku ta samo, ɗaya za ta zaɓa a sayo arba'in. In babu wanda saƙonsa ya iso gari daga gona mafi nisa, Alhaji Lukuman, shugaban ƙungiyar, ya ce a bar maganar har abada.

Gona mafi nisa ita ce ta Bappa Sajo, ƙanin mahaifinta, can bayan Mainika. Shi kullum da hantsi yana zuwa rumfarsa ta hatsi da ke kallon gidan su Zinnira, da la'asar ya hau babur ya koma gona.

Na farko mai tsada ta ɗaure a kan sanda a gonar Bappa. Shiru. Ta ƙara wa eriya tsawo, ta sake batir. Shiru. Na biyu ya turo saƙo ɗaya gutsure, ya mutu. Ta daina cin abinci sosai, mahaifiyarta Inna Uwaliya ta yi faɗa har ta gaji.

Ran Litinin ta kai na uku, mafi araha, wanda ita kanta ba ta yarda da shi ba. Ko ma'aunin danshin ba ta jona ba, nisa kawai take nema. Ta ɗaure shi a kan sandar.

"Bappa, wannan ne na ƙarshe. Amana ce na bar maka."

Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Talata da hantsi lamba ta fito. Wata ta biyo, wata ta biyo, garau, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Da la'asar suka ɗauke. Zinnira ta ce ai rana ce ta yi sanyi, faranti ya daina caji. Wannan ƙaramin gyara ne, a ƙara batir. Laraba ma haka. Ta yi sujada a tsakar ɗaki.

Ran Alhamis ta nuna wa manoma allon. Alhaji Lukuman ya buga waya Kano a gabanta, aka ɗora arba'in a mota, kayan da ba a mayarwa.

Ta tsallaka titi da gudu ta durƙusa a bakin rumfa, tana ba Bappa labari numfashi sama-sama. Ya saurara har ƙarshe, ya sa mata albarka. Sannan ya zura hannu bayan buhun dawa, ya zaro wani ƙunshi a tsohon rawani, farantin sola na leƙowa ta gefe.

"To madalla, karɓi kayanki lafiya lau. Ki ce min amana, in bar ta a daji in taho kasuwa? Tun Talata ƙafata ƙafarta."