Kwamfutar da Ba a Kashewa

Na'urar auna ruwa ta ƙone, aka sayo sabuwa daga Kano, kwamfutar ƙungiyar manoman rani kuma ta ce sam ba ta san ta ba. In ba ta karanta tsayin ruwa ba, ba za ta buɗe ƙofar kanal ɗin ban ruwa ba. Tumatirin mutanen Kura kuwa har ya fara sunkuyar da kai.

Zaharaddini ya zauna a kujerar yayansa Badamasi, wanda ya haɗa tsarin nan tun farko. Shi ma ya iya aikin, sai dai bai kama ƙafar yayan ba. Tun asuba bai sa komai a cikinsa ba, bai kuma ji yunwa ba.

Matsalar a fili take. Manhajar kwamfutar ta girmi na'urar nesa ba kusa ba. Direba, wato ɗan shirin kwamfuta da zai sa su fahimci juna, don sabuwar manhaja aka rubuta shi. Ya sauke shi daga intanet, ya shiga tsinto sunaye da lambobin da tsohuwar ba ta sani ba, yana dasa mata su ɗaya bayan ɗaya kamar mai dashen albasa.

Malam Jaji, shugaban ƙungiya, ya leƙo yana magana ƙasa-ƙasa.

"Zaharaddini, wallahi ba don dole ba, da ban taso ka yau ba. Mai shagon da muka sayo na'urar ya ce a zuba sabuwar manhaja kawai, a kashe a kunna, shi ke nan."

"Ba za a kashe ta ba, Baba."

Dattijon bai ja ba, ya fita.

Gwajin farko ya ƙi. Na biyu ma haka. Ya gyara, ya sake, idonsa rabi a allo, rabi a kan batirin sola. Bayan la'asar lambar tsayin ruwa ta fito a allo. Ƙofar kanal ta yi ƙara, ruwa ya kwararo, manoma suka hau hamdala a waje. Shi dai bai ji komai ba, ko daɗi ko akasinsa.

Ya ƙara ɗaure wayar batirin, ya bar allon a kunne, ya kulle ɗakin. Duk ran da kwamfutar nan ta mutu, ba za ta tashi ba sai an ba ta kalmar sirri. Badamasi kaɗai ya san ta, shi kuwa da hantsin nan Zaharaddini ya sa shi a kabari da hannunsa.