Bindigar Fentin Malam Daidai

Ƙarfe biyu da minti goma na rana bindigar fentin ta yi tari, ta tofa ɗigo uku a kan takardar gwaji. Malam Daidai ya kashe injin iskar, ya dubi agogo, ya rubuta lokacin a littafinsa. Ƙarfe huɗu yayarsa za ta iso.

Ba a banza maƙwabta suka laƙaba masa wannan suna ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwaje-gwaje yana auna ruwan magani, ba a taɓa kama shi da kuskuren ɗigo ɗaya ba. Saboda wannan hali ne mahaifinsu, da ciwon ajali ya kama shi, ya tsallake 'ya'ya huɗu ya damƙa masa amanar da ke ɗakin baya. Yaya, wadda ta girme shi da shekara tara, ba ta taɓa haɗiye wannan zaɓi ba. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata takan zo ta duba, da tabarau a karan hanci.

A zuwanta na baya ta hango wani ɗan tabo, ta daɗe tana kallonsa.

"Auta," ta ce, don har da furfurarsa haka take kiransa, "in na sake ganin ko ƙwarzane, da mota zan zo in ɗauke. Kuma sai dangi kaf sun ji."

Washegari ya tafi kantin kayan zane. Mai kantin ya fito masa da bindigar, 'yar siririya kamar alƙalami, da ɗan kofin fenti a bayanta.

"Yallaɓai, a wannan shekarun za ka fara wasan yara? Motocin roba ne ko jirage?"

"Gyara zan yi. Ina son fenti mai narkewa a ruwa, marar wari."

"To ga sharaɗi. Wannan ta fi jariri son wanka. Ka bar ta minti goma da fenti a ciki, sai ta yi maka yaji, kuma bikonta da wuya."

Malam Daidai bai yi dariya ba. Ya dai rubuta: minti goma.

Mako uku ya yi yana koyo. Ya gano cewa sai an tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa kamar madara. Ya gano cewa iska ake fara saki kafin fenti, kuma shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri rufe aibu. Ya fara da takarda, ya koma bayan cokulan roba, daga bisani ya koma bayan hannunsa, domin takarda tana yi wa launi ƙarya. Kowane gwaji yana da layinsa a littafi: kwanan wata, ƙarfin iska, yawan ɗigo. Bayan kowane aiki yakan zuba ruwa a kofin ya fesa har ya fito garau, sannan ya zare allurar ya goge.

Jiya ne kaɗai ya saɓa. Yana tsakiyar aiki wani kwano ya faɗi a cikin gida, ya tashi a fusace ya yi ciki, ya ɗan jima kafin ya dawo. Ya ajiye bindigar bai wanke ba.

Yanzu ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ya kwance bayan bindigar, ya zare allurar a hankali. Busasshen fenti ya yi mata zobe a tsini. Ya jiƙa auduga ya goge daga gindi zuwa baki, ba ya komawa baya, don allurar da ta lanƙwashe ta gama aiki. Ya kwance bakin feshin, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Nan ya suɓuce masa, ya yi tsalle a kan tebur, ya ɓace.

Minti ashirin da biyu ya yi a durƙushe yana shafa siminti da tafin hannu. A gindin ƙafar kujera ya same shi.

Yana jiƙa shi a ruwan ɗumi waya ta yi ƙara.

"Auta, hanya ba cunkoso yau. Nan da rabin awa ina ƙofar gida. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Uhm. Idona zai gaya min."

Ya mayar da komai mazauninsa. Ya fesa ruwa: hazo mai laushi, babu tari. Ya buɗe littafi shafi na sha ɗaya, ya bi ma'aunin da ya fi dacewa: ɗigo takwas na ruwan ƙasa, biyu na rawaya, ɗaya na ja don ya kashe duhun da ke ƙasa. Ya rage ƙarfin iska zuwa mafi ƙanƙanta. Minti huɗu tsakanin shafi da shafi, shafi uku, saura minti shida ya kwashe kaya. Lissafin ya fita daidai.

Ya ɗauki injin ya shiga ɗakin baya. Ya kashe fanka saboda ƙura, ya ɗage labule, ya jawo kujera kusa.

"Yau ban da hawaye," ya ce a hankali. "Suna ɓata min fenti."

Sannan ya kama haɓar mahaifiyarsa, wadda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana shekara biyu ke nan, ya juya kuncin da ya mara jiya zuwa hasken taga.