Ruwan da Maikano Ya Hana

Haladu tela ne a bakin kasuwar Birnin Kudu, a shekarun nan da arzikin fetur ya fara shigowa, kowa na son sabuwar riga. Wuni yake a kan keken ɗinki, har bayansa ya fara ƙagewa, tumbi ya turo gaba. Wani ma'aikacin asibiti ya ba shi shawarar motsa jiki, sai ya fara ɗan gudu bayan sallar asuba. A hankali gudu ya shiga ransa.

Ran da ya ji a rediyo za a yi gasar gudun dogon zango a Kano, mil ashirin da shida, sai ya ce da shi za a yi. Ba kofi yake nema ba. Burinsa dai ya kai ƙarshe da ƙafarsa.

Wanda ya ɗauki nauyin horar da shi Maikano ne, ɗan gwaggonsa, mutumin Kwandiko ta ƙasar Gwaram, wanda ya dawo Birnin Kudu yana gyaran kekuna. Kun dai san taubasai. Tun suna yara ba su taɓa yin maganar hankali guda ɗaya ba, daga tsiya sai tsokana. Haladu na gudu, Maikano na biye da shi a keke yana ihu, "Ɗaga ƙafa, bawana! Kai da wannan tumbi ko Wudil ba za ka gani ba!"

Shi Maikano bai taɓa gudun da ya wuce na tsere wa ruwan sama ba. Amma ya ji a tasha ana cewa mai gudu in ya sha ruwa jikinsa mutuwa yake, kuma wanda bai saba da rana ba ba ya kai labari. Ya riƙe wannan magana gam, bai tambayi kowa ba.

Kullum Barira, matar Haladu, sai ta cika gora daga randa ta miƙa wa Maikano. "Don Allah ka riƙa ba shi yana kurɓa."

"To, uwargida," in ji shi. Sai ya rataye a keke, ba ya buɗewa sai an dawo gida.

Wata Talata cikin bazara, saura mako uku gasa, Maikano ya ce yau da hantsi za a fita, don a gwada rana. Suka miƙa hanyar Kangire. A dawowa rana ta take, ƙasa kamar an hura wuta. Haladu ya fara tangaɗi.

"Maikano, ba ni ruwa."

"Raggo! A Kano ma Barira za ta bi ka da randa?"

Haladu ya yi 'yar dariya ya ci gaba, don ba ya so a samu abin yi masa tsiya a gaban jama'a. Can gumi ya ɗauke masa ƙaf, fatarsa ta bushe. Ya fara surutai, yana kiran innarsa da ta rasu shekara tara. Maikano kuwa har da buga ƙararrawar keke don dariya, a zatonsa sabon salon wayo ne.

Haladu ya tsaya, ya juyo, ya kama kan keken da hannu biyu.

"Maikano, ba wasa nake ba."

"Sai mun kai tsamiyar can."

Bai kai ba. Taku kaɗan ya yi ya kife a gefen hanya. Wallahi ko a lokacin sai da Maikano ya taɓa shi da ƙafa yana cewa ya tashi ya daina abin kunya. Da ya dafa goshinsa ya ji zafi kamar garwashi, sannan ya ruga wurin keke. Ya buɗe goran, amma haƙora sun riga sun datse.

Wata motar itace ta kwashe su zuwa asibiti. Kafin la'asar Haladu ya cika. Likita ya ce zafin rana ne da ƙishirwa suka dafa shi, da tun farko an ja shi inuwa an ba shi ruwa, da wataƙila an yi wani labarin.

Ba wanda ya tuhumi Maikano. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Shi kaɗai ya san abin da ya sani.

Daga ranar bai sake tsokanar kowa ba, bai sake hawa keke ba. Ya ce da ya ɗora ƙafa sai ya ji takun mutum a kusa da shi, da haki, da rana tsaka, ya duba ba kowa. Ya tattara ya koma Kwandiko, takun ya bi shi can.

Bayan Barira ta fita takaba, ya je gaishe ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa a kwano, ta zauna nesa kaɗan.

"Maikano, kai ne a kansa. Me ya ce na ƙarshe?"

Ya dubi kwanon, ya dubi marayu uku da ke leƙowa daga ɗaki.

"Salati ya yi," in ji shi.

Ta ce alhamdu lillahi, ta yi masa godiya, har da sa masa albarka don bai bar ɗan'uwansa shi kaɗai ba. Wannan godiya ita ta fi komai cin ransa, kuma da ita ya tsufa.

Jama'a, gudu lafiya ne, amma ba a yin sa da jita-jitar tasha. Mai gudu ya sha ruwa, ya guji tsakar rana, ya tambayi masana. Kuma duk wasan da ke tsakaninku, in mutum ya ce jikinsa ya gaza, ku yarda da shi nan take.