Akwatin da ke Ɗakin Inna

Karo na huɗu ke nan tun safe da hoton amarya ya daskare a kwamfutar Zayyad, sannan rubutu ya fito cewa ba a sami akwatin ajiya ba.

Akwatin bai je ko'ina ba. Yana ɗakin mahaifiyarsa, bayan gado, inda ya ajiye shi don sanyi da kuma don babu namijin da ke shiga can. A cikinsa akwai aikin shekara takwas: kusan duk wani biki da suna na Gummi. Shuɗiyar waya guda ce ta haɗa shi da rauta, na'urar da ke sada kwamfutoci, rauta kuma ta kai hotunan zuwa shagon Zayyad da ke zaure. Mako uku ke nan haɗin yana zuwa yana tafiya kamar baƙon da bai gama shawara ba.

Ranar Juma'a wani attajirin Anka zai aiko matansa su duba hotunan cikin gida, na lalle da na kamu, kafin su zaɓi mai ɗaukar bikin 'ya'yansa uku. Ko Zayyad, ko Labbo na bakin tasha.

Saboda haka Zayyad bai wahalar da kansa wajen neman mai laifi ba. Labbo ne. Yadda mutumin da bai iya gyara agogon wayarsa ba zai shiga rautar wani daga nesa, wannan Zayyad bai tsaya bincike ba. Ya dai bi majalisa uku yana ba da labarin amaryar da Labbo ya ɗauka ba kai, kuma ya yi rantsuwa sai ya ga bayan shagonsa.

Ya sauya rauta. Ya sayi sabon batirin sola. Ya tsaya a kan akwatin awa guda, koriyar fitila tana kyaftawa lafiya lau. Yana komawa zaure, haɗin ya yanke.

“Abin ga ba ya son a tahi a bar shi,” in ji Inna, tana tsintar shinkafa.

Inna ba ta cika magana a kan sana'arsa ba. Ko bara ma ba ta ce komai ba, lokacin da hoton wata amarya ba ɗankwali ya fito a tallan shagon, danginta suka zo da sanduna, Zayyad ya ce musu aikin Habsu ne. Habsu ce ke shiga cikin mata da kyamara shekara shida, inda shi ba shi da ikon leƙawa, kuma hotunanta ne suka yi masa suna. Daga ranar babu gidan da ya ƙara buɗe mata ƙofa. Zayyad ya ji tausayinta har kusan la'asar. Shirun Inna kuwa, wadda ita ta roƙo yarinyar daga hannun ƙawarta Zaliha, ya fassara shi da goyon baya.

Ranar Talata ya kira Elisha mai gyaran kwamfuta. Elisha ya tsaya a zaure ya saurara, ya ce sai ya ga akwatin.

“Ɗakin Inna? Kai ma ka san ba ya yiwuwa.”

“To fito da shi.”

“In ya zo nan lafiyarsa ƙalau. A can yake ciwo.”

Elisha ya hau babur ya tafi. Inna ce ta kawo mafita, ta ce ta ji labarin wata malama da ta koyi aikin a Gusau.

Malamar ta zo Laraba da hantsi, cikin niƙabi, da jaka a kafaɗa. Ta amsa gaisuwa da kai, ta wuce ɗakin ba tare da an nuna mata hanya ba. Zayyad ya zauna a zaure kamar yadda ya dace, yana kallon kwamfuta yana ɗaga murya.

“Ya dawo?”

“Ta ce ka yi haƙuri,” in ji Inna daga ciki. “Aikin da yawa.”

Awa biyar ta yi. Ba ta nemi ruwa ba, ba ta ma nemi lambar sirri ba, abin da ya ƙara wa Zayyad imani da ƙwarewarta. Da zai sallame ta, ta girgiza kai ta fita.

Alhamis haɗin bai yanke ko sau ɗaya ba. Zayyad ya sa aka wanke tabarmi, ya aika wa Labbo gaisuwa ta musamman.

Juma'a matan Anka suka cika zauren da turare. Ya buɗe akwatin da yatsa guda, irin na wanda ya saba. Hotunan maza duk suna nan: ɗaurin aure, babbar riga, rabon goro, tsofaffi na hamma. Ya shiga wajen hotunan cikin gida. Fari fat. Ya duba na bara, na bara waccan, har na shekarar farko. Ko hannun lalle guda babu.

Uwargidan attajirin ta gyara mayafi, ta tambayi ta ina ake bi zuwa bakin tasha.

Ya faɗa ɗakin Inna ko sallama babu. Koriyar fitila tana kyaftawa, shuɗiyar waya a mazauninta.

“Inna, wace ce matar nan? Labbo ya turo ta?”

Inna ta naɗe sallayarta a hankali.

“Shekara shida tana yi ma aiki, ko tahiyarta ba ka gane ba. Habsu ta ɗauki abinta, ta mai da ma kowace amarya nata, ta hwaɗa musu kai ka saka hoton nan na bara cikin talla.” Ta dafa ƙugu ta miƙe. “Ni ma na huta. Mako ukku ina duƙawa bayan gadon ga ina zare waya, bayana duk ya riƙe.”