Malamin da Ba Ya Zama

Ranar Laraba ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da hadari. Wani malami da ƙungiyar tallafin karatu ta tura ƙauyen mutanen kan dutse ya zo aji ya tarar ba kowa. Wata huɗu ke nan yana koyar da samari da 'yan matan garin. Littafi kyauta, riga kyauta, har da abincin rana. Amma in ya yi tambaya, sai kowa ya sunkuyar da kai. A aljihunsa akwai takardar sunayen waɗanda za a ci gaba da ɗaukar nauyinsu zuwa sakandare, ranar Juma'a zai miƙa. Ya riga ya ja layi a kan sunan wata yarinya mai shekara goma sha biyar, don tun da ya zo bai taɓa jin muryarta ba. A ganinsa kanta ba ya ja.

Ke da kika zo mana da irin wannan aiki na koyarwa, 'yata, ki lura da abin da ya yi. Bai koma ɗaki ba. So yake ya san inda aji guda ya shige, sai ya naɗe ƙafar wando ya hau dutsen. Mutanen nan a jikin dutse suke noma, suna jera duwatsu hawa-hawa su tare ƙasa, kuma ruwan ya ɓalle musu jeri uku. Can ya hango yarinyar tana tsiyaya ruwa daga ƙwarya a kan gangara, tana bin sa da ido ta ga inda zai karkata. Ta nuna wurin da sanda, aka kafa babban dutse. Bakinta bai tsaya ba, tana yi wa wani ƙato tsiya wai ya ɗora dutse kamar mai ɗora hula. Dattawa na zaune a gefe suna dariya. Malam ya matso, ya tsaya a kanta, ya tambaye ta yadda take gane hanyar ruwa. Ta sunkuyar da kai.

Hawan dutse ya gajiyar da shi, ya nemi wani falalen dutse ya zauna yana haki. Zamansa ke da wuya ta durƙusa ta fara bayani, da Hausarta mai gargada tana haɗawa da yarensu. Ta ce ruwa rago ne, inda ya fi sauƙi yake bi, sai ka ba shi ƙofa tun bai nema da kansa ba. Ya yi tambaya ta biyu, ta amsa. Ta uku ita ta yi masa: me ya sa a taswirar aji kogi yake hawa sama? Wata tsohuwa da ke tsinke ƙananan duwatsu ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, a nan yaro ba ya yi wa babba magana alhali babba na tsaye. Rashin kunya ne. Kai kuwa an ce kullum a tsaye kake kamar tabarya."

Ya sauko yana ta juya maganar. Wata huɗu yana zagaye aji da alli a hannu yana cewa a dube shi a ba shi amsa, su kuwa suna jira ya zauna.

Da gari ya waye ya sake rubuta sunanta, ya ari turmi a maƙwabta, ya mirgina shi gaban allo, ya kife, ya zauna a kai. Kafin hantsi sai da ya roƙe su su riƙa magana ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ki ce yaranmu ba su da kai, duba yadda aka riƙe su. Zakara a rataye ba ya cara.