Takardar da Ke Bayan Ƙofa

Ranar Talata aka kwantar da matar Akawu a asibiti, ranar kuma kajinta ɗari uku suka koma hannunsa. Kajin nama ne, satinsu huɗu, a wani dogon ɗaki mai rufin kwano a bayan gida. Zafi kuwa ya kai inda ƙuda ma sai ya nemi inuwa.

Shekara talatin Akawu ya yi a ofis yana gyara wa manya wasiƙu. Littattafansa sun cika kanta biyu, amma bai taɓa riƙe kaza ba sai dafaffiya. Matarsa a aji huɗu ta tsaya. Shekararta ashirin tana kiwo.

Tana kwance, robar ƙarin ruwa a hannu, ta ce, "Maigida, takardar haɗin abincin zafi tana jikin ƙusa a bayan ƙofa. A rage waken soya, a zuba garin nan biyu da likitan dabbobi ya rubuta. Kuma kada a ba su abinci da tsakar rana."

"Ke dai ji da kanki. Wanda ya riƙe ofis, kaza ce za ta gagare shi?"

Washegari ya ciro takardar, ya gyara mata kuskuren rubutu biyu, sannan ya yi tsaki. Ya taɓa karantawa cewa furotin ne ke gina tsoka, kuma a waken soya yake. A rage shi? Sai ya nufi wurin mai injin haɗa abinci.

"Ninka min waken soya, ka ƙara garin kifi. Garin nan biyu kuwa, bar wa masu shago kayansu."

Mai inji ya share gumi. "Baba, a wannan zafin? Furotin in ya yi yawa, narkar da shi wuta yake hura wa kaza a ciki. Shi ya sa ake ɗan rage shi, a cike gurbin da laisin da metiyonin, garin da ka ce a bari. Haka uwargida take yi duk shekara."

"Kai aji nawa ka yi?"

Mai inji ya tada injinsa.

Kwana biyar, ɗakin ya canja. Kajin sai ɗirkar ruwa suke, kashinsu ya tsinke, dusar katakon da aka shimfiɗa musu ta jiƙe, wari yana yanka ido. Suka saki fukafukai, baki buɗe, suna haki. Da Akawu ya ga ba sa ci, sai ya ce ƙarfi ne ya yi musu kaɗan, ya riƙa cika musu mazubi da rana tsaka. Biyar suka mutu. Washegari ashirin.

Kullum da yamma sai ya yi wanka ya tafi asibiti, matar ta tare shi da tambayar kajinta.

"Yaya 'ya'yana?"

"Lafiya ƙalau. Har sun fara fin ƙarfin sikeli."

Sai ta dube shi, ta yi ɗan murmushi, ta ce, "Madalla."

In ya kira likitan dabbobi, labari zai je mata. In ya koma wurin mai inji, sai ya sunkuyar da kai ga wanda ya raina. Ƙofa biyu ce a gabansa, girman kai ya sa musu kwaɗo. Ya zauna tsakanin kwano mai ƙuna da ramin zuba mushe mai cika.

Ranar Asabar ko ganye bai motsa ba. Kafin azahar kaji suka fara zubewa a gabansa. Yana tsaye da bokiti wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsu ce, mai jinya.

"Baba, Mama tana nemanka. Ta ce ka zo yanzu."

"Ce mata ina tafe."

Ya sunsuna rigarsa. Wannan warin ba ya ɓuya ga wadda ta yi shekara ashirin a cikin kaji. Ya ce bari ya kwashe mushen tukuna, ya wanke jiki. Sawu tara ya yi da baro. Waya ta sake ƙara, hannunsa duk ƙazanta, bai ɗauka ba.

Rana ta yi sanyi ya isa asibiti, sanye da sabuwar riga, har da turare. Ya tarar an ja labule, 'yarsa a zaune a ƙasa.

"Ta yi ta kallon ƙofa, Baba. Ta ce in gaya maka kada ka damu da kajin. Matar mai inji ta zo dubiya, ta faɗa mata komai tun ranar farko. Kai kawai take son gani."

Jama'a, a lokacin zafi yawan furotin ba gata ba ne ga kajin nama. Ana rage shi ne da awo da shawarar masani, a cike gurbinsa. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ko da a aji huɗu ya tsaya. Akawu ya rubuta wasiƙu dubbai, amma magana ɗaya ta gagare shi har aka rufe wadda za ta ji: "Ban iya ba, koya min."